Karkarwa a gudun 60: yadda na bi sawun matsalar giyar motar iyalina

Motata irin dogayen motocin iyalin nan ce masu ƙofar ja da kujeru layi uku, injin silinda shida, tayoyin gaba ke janta, giyarta kuma otomatik. Ta haura kilomita 180,000 lokacin da ta ɓullo da wani hali da ya hana ni sakat. In na hau miƙaƙƙiyar hanya, gudu ya kai wajen 60 zuwa 70, ƙafata na kan totur sama-sama, sai wata karkarwa ta taso daga ƙasan kujera kamar tayoyin sun hau gargada, alhali kwaltar sumul take. Ba ta daɗewa. In na ƙara taka totur ta ɓace, in na ɗaga ƙafa ma ta ɓace, kuma ko fitilar gargaɗi ɗaya ba ta kama ba.

Wanda ya taɓa riƙe irin wannan mota ya san inda hankali yake fara tafiya. Injinansu ba su cika ba da wahala ba, giyabos ake tsoro, kuma da dalili. Motar ita kaɗai, babu kowa a ciki, tana kusan tan biyu. Ka zuba mutum bakwai ko takwas, ka danƙare bayanta da kaya, ka kunna esi, sannan ka shiga cunkoso ana tafiya ana tsayawa. Giyabos ɗin da ke ɗaukar wannan dako kuwa, a yawancinsu, ɗan'uwan na cikin ƙaramar motar kamfanin ne mai ƙofa huɗu, an ɗan ƙara masa ƙarfi, an cusa shi a gicciye a jikin injin, a matsatsin da iska ba ta wadata ba. Aiki ya ƙaru, zafi ya ƙaru, shi kuwa man da zai kwashe zafin bai wani ƙaru ba.

Duk da haka ban ɗora wa giyabos laifi kai tsaye ba, don akwai abubuwan da ke kwaikwayonsa. Tayar da ta rasa balas tana karkarwa, amma tata gudu take bi, babu ruwanta da ƙafarka. Ka taka, ka ɗaga, tana nan. Robobin da injin ke zaune a kansu in sun tsage sun fi nuna kansu lokacin sa giya, ka ji ƙwas. Wanda ya fi ruɗa mutum shi ne fulogi ko kwayil da ya fara gajiya, domin daidai wannan yanayin yake fitowa: babbar giya, injin na juyawa a hankali, ga nauyi. Ba mutum ɗaya ba ne aka sauke wa giyabos alhali fulogi ne ke masa tsiya.

Akwai gwajin da ba ya bukatar ko sifana. Na nemi hanyar da babu zirga-zirga, na jira karkarwar ta fara, na riƙe totur yadda yake, sannan na shafi birki da ƙafar hagu, shafar da za ta kunna jar fitilar baya kawai ba tare da ta rage gudu ba. Nan take ta ɗauke, allurar juyin injin ta ɗan ɗaga kai. A motoci da yawa, da kwamfuta ta ji an taɓa birki sai ta saki kulocin da ke cikin konbata, wato abin da ke haɗa injin da giyabos, don haka in karkarwa ta tafi da sakinsa, to wajen nan ake dubawa. Amma gwajin bai yanke hukunci shi kaɗai ba, saboda sakin kulocin yana iya ɓoye tsallaken injin ma, irin wanda gajiyayyen fulogi ko kwayil ke jawowa. Sai na jona ƴar na'urar karanta kwamfutar mota a soket ɗin OBD-II da ke ƙasan sitiyari, wanda aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996. Lambobin matsalar giya galibi da P07 suke farawa, P0741 misali na kulocin konbata ne, su kuwa P0300 zuwa P0306 tsallaken silinda suke nufi. Babu ko ɗaya a ajiye. Ƙanina ya zauna a gefe da waya a hannu yana karanto min abin da ke gudana ina tuƙi. Ƙidayar tsallaken silinda ba ta motsa ba, amma lambar da ke nuna sulɓin konbata sai hawa da sauka take yi daidai lokacin da kujera ke rawa.

Sai da na fahimci abin da ke cikin konbatan sannan na san me zan yi. Tsakanin injin da giyabos na otomatik babu kuloci mai feda irin na maniwal. Wani rufaffen zagayayyen ƙarfe ne cike da mai. Ɓangaren da ke manne da injin yana wurga man da ƙarfi, man ya daki fikafikan ɗaya ɓangaren ya juya shi, shi ya sa kake tsayawa a D ƙafarka a kan birki injin bai mutu ba. Sai dai mai yana sulɓewa, kuma duk ƙarfin da ya sulɓe zafi yake komawa. Don a rage wannan asara aka sa wani kuloci a ciki mai haɗe ɓangarorin biyu idan tafiya ta miƙa. Domin tsimin fetur, kwamfuta tana fara kama shi tun gudu bai yi yawa ba, kuma ba ta damƙe shi gaba ɗaya, tana barinsa yana ɗan zamewa da gangan. Abin da ke sa zamewar ta yi laushi sinadarai ne da aka zuba a cikin man. In zafi da daɗewa suka cinye su, kulocin sai ya koma ya kama ya saki, ya kama ya saki, sau da yawa a daƙiƙa guda. Abin da nake ji a kujera ke nan.

Na zaro gejin man giya na ɗiga a farar takarda, na ɗiga sabo a gefensa. Sabon ja ne garai-garai, ana hango takarda ta cikinsa. Nawa ya koma ruwan ƙasa mai duhu. Abubuwa uku nake fargabar gani: mai da ya yi baƙi yana ƙaurin ƙuna, ko ƙyalƙyalin garin ƙarfe idan an karkata takardar a rana, ko mai da ya yi kauri ya koma ruwan hoda mai fari-fari. Na kai hanci, babu ƙauri. Na karkata, babu ƙyalli. Man ya tsufa ne, bai ƙone ba.

Da wannan na je wurin bakaniken da nake hulɗa da shi, dattijo ne da ya daɗe a sana'ar. Ya saurare ni, ya shinshina gejin, ya girgiza kai.

"Maigida, giyar da ta yi wannan nisa ba a taɓa manta ba, ƙyale ta ake yi. Kana zuba sabo za ta daina ja."

Na ce, "To Malam, in na ƙyale ta fa?"

"Sai ranar da ta tsaya mu sauke."

Maganarsa ba ta banza ba ce, abin da idonsa ya sha gani ne. Giyabos ɗin da faibobinsa, wato faya-fayan kulocin da ke kama giya a cikinsa, suka riga suka cinye, garinsu na yawo a cikin tsohon mai, kuma wannan garin ne ke ba su ɗan sauran kamun da ya rage. Ka kwashe shi, sulɓi ya fito fili. Ga shi kuma yawancin mutane ba sa tuna man giya sai ta fara ciwo, in ta ƙarasa mutuwa bayan an canza sai a ce sabon mai ne ya kashe ta. Amma irin wannan giya tana da alamunta: injin ya yi kuka allura ta tashi tsakanin giya da giya mota ba ta ƙara gudu ba, ko mai ya yi baƙi yana ƙauri. Tawa ba ta yin ko ɗaya. A ganina barin tsohon mai a giyar da ke da sauran lafiya jiran gawon shanu ne, domin kulocin da ke kama-saki cin kansa yake yi, garinsa kuma cikin hanyoyin man yake tafiya.

Akwai kuma masu injin ɗin wanke giya, da ake jona shi a tiyon mai ya tura sabo ya fitar da tsoho a zama ɗaya, wasu har da zuba maganin wanki. Na ƙi wannan. Ba na son wani sinadari baƙo ya shiga inda ba zan iya tabbatar da fitarsa ba, kuma kamfanin Honda ma, misali, tsiyayewa da sake zubawa yake umarni a yi wa motocinsa, ba wanki da inji ba. Na zaɓi hanyar da ta fi cin lokaci: a tsiyaye abin da zai fita da kansa, a mayar da daidai shi, a yi tafiya, a sake.

Sayen man ya fi kwance noti muhimmanci. Jan launin rini ne kawai, ba ya nuna cewa wannan man da wancan ɗaya ne. Chrysler na da ATF+4, Honda na da DW-1, Toyota na da T-IV da WS, na General Motors Dexron ne, na Ford kuma Mercon, kuma kowanne da irin santsin da aka auna wa faibobin giyarsa. Tarihin motocin iyali ma ya shaida haka. A 1989 Chrysler ta sa giyar Ultradrive mai sarrafa kanta da kwamfuta a motocinta na iyali, giyar ta yi ƙaurin suna, kuma cikin abubuwan da suka jawo haka har da zuba mata Dexron maimakon man da aka yi dominta, wanda ke jawo karkarwa da saurin cinyewar faiba. Wanda motarsa CVT ce, wato giyar da ba ta da matakai, kamar Nissan Quest daga 2011, shi zancensa ma daban ne, don bel da fulai ke aiki a ciki, kuma man otomatik na yau da kullum ɓata ta yake yi. Na buɗe littafin motar, na duba abin da aka rubuta a kan gejin, suka zo ɗaya, shi na saya. Galan ɗin da aka rubuta wa cewa yana yi wa kowace mota ban ko ɗaga shi ba.

Ranar aikin na ɗan zaga da motar don man ya yi ɗumi ya tsinke, amma ban bari ya yi zafin da zai sale hannu ba. Na ajiye ta a daidaitaccen wuri, na ja birkin hannu, na tare tayoyin baya, na ɗaga gaba na ɗora a kan ƙafafun ƙarfe. Jak kaɗai ba abin shiga ƙarƙashin tan biyu ba ne. A ƙasan akwai notin tsiyaya biyu ba nisa da juna, na baƙin mai da na man giya, sai da na bi kwanon da ido na tabbata a jikin giyabos yake kafin na sa sifana. Na tara bokitin da ke da zanen lita a jiki, domin abin da ya fita shi ne ma'aunin abin da zai koma.

Da tsiyayar ta koma ɗiga, na kwance notocin kwanon na bar na kusurwa ɗaya a sassauce, kwanon ya karkata ya zubar da sauran cikin bokiti maimakon hannun rigata. A nan ne ake karanta lafiyar giya. A gindin kwanon akwai ƴan maganaɗisu, kowanne ya lulluɓe da wani toka-tokan abu mai laushi. Na lakato na murza tsakanin babban yatsa da manuniya, na lumshe ido ina neman wani abu mai kaifi. Sulɓi kawai, babu tsini, babu ɓarɓashi. Wannan garin ƙarfe ne na goguwar yau da gobe, kowace giya na yinsa. Da na ji ɓallin ƙarfe, ko na ga ƙyallin tagulla, ko na tarar da baƙin garin faiba ya yi tudu, da na mayar da kwanon na koma wurin Malam na ce ya yi gaskiya. Abin da ke shimfiɗe a gindin ɗan siririn baƙi ne da tsumma ɗaya ya ɗauke.

Na cire tsohuwar filta. Ƴar robar da ke wuyanta ta maƙale a cikin rami ba ta biyo ta ba, sai da na zaƙulo ta a hankali. In aka tura sabuwa a kan tsohuwa, famfon zai riƙa zuƙar iska ta gefe. Na wanke kwanon da maganaɗisun, na goge da tsummar da ba ta zubar da zare, saboda hanyoyin man da ke saman kwanon sirara ne ƙwarai, silin zare na iya maƙale bawul. Dalili ɗaya ne ya sa ban lafta gam a kan gasket ba: abin da ya matso ciki gutsurewa yake yi ya bi mai. Notocin kwanon ƙanana ne, a cikin alminiyam suke shiga, na ɗaure su a gicciye kaɗan-kaɗan da sifana mai auna ƙarfi, daidai lambar da littafi ya bayar. Notin tsiyaya kuma ya sami sabuwar wosha.

Na zuba sabon mai ta bututun geji da dogon mazurari, daidai yawan wanda ke cikin bokiti. Na tayar da injin, ƙafa a kan birki, na bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, kowacce na ɗan dakata man ya cika hanyarta, na dawo P. Bayan tafiyar da ta zafafa man sosai na sake aunawa injin na aiki, ya tsaya a tsakanin zanen zafi. Wannan ma ba ɗaya ba ne a kowace mota. A Honda da yawa kashe injin ake yi a auna cikin daƙiƙa 60 zuwa 90. Awon ba wurin ganganci ba ne. Mai ya yi kaɗan, famfo ya ja iska. Ya yi yawa, ƙarafan da ke juyawa su kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuma ba ta riƙe matsi.

Tsiyaya ɗaya ba ta fitar da ko rabin man, domin mafi yawansa yana maƙale a konbata da tiyo da lungunan giyar. In giyabos na cin lita 8, abin da ke fita kuma lita 3 da ɗoriya, kusan kashi 40 cikin 100 ke nan. Zagayen farko ya bar kashi 60 na tsoho, na biyu ya bar 36, na uku ya bar wajen 22. Daga nan riba ta ragu, mafi yawan abin da kake zubarwa sabon mai ne. Tsakanin zagaye da zagaye na bar ƴan ɗaruruwan kilomita, kuma a na baya ban sake taɓa kwanon ba, noti kawai. Karkarwar ta yi sauƙi tun bayan na farko, ta koma sai motar ta yi zafi da lodi. Bayan na biyu na neme ta a gudun da ta saba zuwa na rasa, lambar sulɓin konbata kuma ta kwanta wuri ɗaya.

Masu sababbin motoci ba su da wannan sauƙin. Toyota Sienna mai giya shida daga 2011, misali, ba ta da geji sam. Ta gefe ake ɗura man, a auna shi ta wani notin ambaliya a ƙasa lokacin da zafinsa ke kusa da digiri 40, don haka sai da na'urar karanta zafi. Rashin gejin ne ke sa wasu ɗauka cewa man na har abada ne. Amma ka buɗe littafin, za ka ga jadawali biyu, na tuƙin sauƙi da na tuƙin wahala, kuma abin da aka lissafa a na wahala, wato lodi, jan tirela, cunkoso, zafin gari, ƙura, shi ne rayuwar motar iyali ta kullum.

Saura zafi, wanda shi ne ya tsofar da man tun farko. A tafiyar yau da kullum na'urar na nuna min tsakanin digiri 80 da 90, lafiya ƙalau. A doguwar hawa da cikakken lodi kuwa sai in ga ya haura 110. Abin da ke sanyaya man giya a yawancin motocin nan wani ɗan bututu ne da ya ratsa cikin tankin lagireto, wato ruwan injin mai zafi shi ke sanyaya shi. In bututun nan ya huje, ruwa ya gauraya da mai, shi ne ruwan hodar da na ambata, kuma ruwa yana ɓanɓare faiba daga ƙarfenta. Cewa zafi na kashe giya ba zancen gareji ba ne kawai: a 2004 Honda ta yi kiranyen Odyssey na 2002 zuwa 2004 saboda giya ta biyu ba ta samun isasshen mai, zafi na taruwa a kanta, gyaran da aka yi wa da yawansu kuwa shi ne ƙara wani bututu mai fesa mata mai.

Na fara da wanke fuskar lagireto da na esi, waɗanda ƙura da matattun ƙwari suka toshe. Sannan muka ɗaura ƙarin ƴar na'urar sanyaya mai a gabansu, ni da Malam, wanda zuwa lokacin ya daina girgiza kai. An jona ta ne a tiyon da ke komawa giyabos bayan man ya fito daga lagireto. Gane tiyon bai yi wuya ba, bayan gajeriyar tafiya shi ne wanda ya fi sanyi a hannu. Muka nisanta tiyon daga duk ƙarfe mai kaifi da bututun hayaƙi, muka ƙara man da sabuwar na'urar ta shanye, muka sake awo. A hawan nan dai, da irin lodin nan, yanzu ba ya kai 100. Wanda ke zaune a ƙasa mai tsananin sanyi sai ya nemi mai bawul da ke kewaye na'urar har man ya ɗumama, don man da ya yi sanyi da yawa ma ba ya aiki daidai.

Tuƙina ma ya ɗan sauya. A hawa, in na ji tana kai-komo tsakanin giya biyu, sai in sauko da ita da hannu in riƙe ta a ƙaramar, domin kowane canji goga faiba yake yi. Ba na jefa ta D tana kan gangarawa baya. A gangare birkin hannu nake fara ja, in saki na ƙafa nauyi ya zauna a kansa, sannan in sa P, saboda abin da ke riƙe mota a P wani ɗan haƙorin ƙarfe ne guda ɗaya. In kuma ta taɓa mutuwa a hanya, tayoyin gaba sai an ɗaga su kafin a ja ta, tunda injin ne ke juya famfon man, in ya mutu ƙarafan a bushe za su yi ta juyawa.

Akwai abu ɗaya da sabon mai bai gyara ba. Da sassafe, in motar ta kwana, na sa R, tana ɗan jinkiri kafin ta kama. Malam ya ce robobin ciki ne suka fara taurin tsufa, sai sun ji ɗumi suke riƙe matsi, kuma wannan ba aikin mai ba ne. Mun tsaya a kan cewa zan riƙa tsiyaya ɗaya duk kilomita 50,000, ina duba launi a farar takarda duk lokacin canjin baƙin mai. In jinkirin ya fara tsawo, ko allura ta fara tashi tsakanin giya, za mu jona gejin matsi a jikin giyabos mu karanta tukuna, kafin a yi maganar saukewa.